Joe Meek: Injiniyan Da Ya Girgiza Kasuwar Faifai Daga Gidan Haya

A cikin watan Disamba na 1962 wani faifan kiɗa mai suna Telstar ya hau kan gaba a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a ƙasar Amurka. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ingila ta sami wannan matsayi, watau fiye da shekara guda kafin 'yan Beatles su kai can. Abin da yawancin waɗanda suka sayi faifan ba su sani ba shi ne, ba a wani babban kamfani aka ɗauki kiɗan ba. A gidan haya aka yi shi, a saman wani kantin sayar da jakunkuna da sauran kayan fata mai lamba 304 a titin Holloway, arewacin birnin Landan. Mutumin da ya tsara kiɗan kuwa bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba, ba makaɗi ba ne, ko waƙa ya ɗauko ba ya iya riƙe muryarta daidai. Sunansa Robert George Meek, amma duniya ta san shi da Joe Meek.

Sana'arsa ita ce ɗaukar waƙa da shirya faifai, sana'ar da ba a faye ganin mai yin ta ba, domin sunan mawaƙi da hotonsa su ne a bangon faifai. Amma duk mai son ya fahimci yadda kiɗan rok ya sami irin amon da aka san shi da shi, tilas ne ya bi ta kan aikin mutumin nan, wanda ya rasu yana da shekara 37 kacal, cikin bashi da ruɗewar hankali, bayan ya aikata wani mummunan laifi.

An haifi Meek ran 5 ga watan Afrilu na 1929 a Newent, wani ɗan ƙaramin garin manoma a gundumar Gloucestershire, yammacin Ingila. Tun yana yaro hankalinsa yana kan waya da lantarki. Ya cika wata 'yar rumfa a bayan gidansu da tsofaffin akwatunan rediyo da mutane suka yar, yana kwancewa yana haɗawa. Bai yi nisa a makaranta ba, ya bar ta yana da shekara 14. Da ya tasa sai ya riƙa ɗaukar garmaho da lasifikar da ya haɗa da hannunsa yana zuwa wuraren rawa na ƙauyukan da ke kusa yana sa wa samari da 'yan mata fayafayai. Da lokacin aikin soja na tilas ya zo, aka sa shi cikin Mayaƙan Sama, a sashen na'urorin hango jiragen sama daga nesa. Daga 1953 ya yi aiki a hukumar lantarki ta yankin tsakiyar Ingila, a lokacin ne kuma ya sami injin yankan faifai na kansa, ya fara ɗaukar muryoyin mawaƙan unguwa.

Daga nan sai ya tafi Landan ya sami aiki a wani kamfani mai suna IBC, wanda yake da ɗakunan ɗaukar waƙa, yana kuma shirya wa gidan rediyon Luxembourg shirye-shirye. A zamanin nan BBC ce kaɗai ke da ikon watsa shirin rediyo daga cikin Ingila, ba ta kuwa ba kiɗan samari wani lokaci mai yawa, saboda haka da dare matasa sai su murɗa akwatinsu zuwa Luxembourg, wadda ke watso shiri daga ƙetaren teku.

Dokokin Sana'a

Kafin a gane abin da Meek ya kawo, sai an san yadda ya iske sana'ar. Manyan kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kasuwar faifai a Ingila: EMI da Decca da Pye da Philips. Biyu na farko sanannu ne ga masu sayen faifai a ƙasar nan, domin sun kafa rassa a Ikko. A ɗakunan ɗaukar waƙa na irin waɗannan kamfanoni aiki a rabe yake kamar na ofishin gwamnati. Akwai jami'in kamfani da ke zaɓen mawaƙi da waƙar da zai yi, shi ne mai faɗa a ji. Akwai injiniya, wanda aikinsa shi ne ya jera makirufo, ya daidaita ƙara, ya tabbata allurar awo ba ta wuce jan layi ba. Ma'aikatan injuna har fararen riguna suke sawa irin na likitoci. Ba a tambayar injiniya ra'ayinsa kan kiɗa, shi kuma jami'i ba ya taɓa inji.

Tushen duk wannan tsari aƙida ce guda: wai faifai hoto ne na abin da ya faru a ɗaki. Makaɗa su taru su yi kiɗa gaba ɗaya, a ajiye makirufo can nesa kaɗan don ya ji su kamar yadda kunnen mai sauraro zai ji, a ɗauka ba ƙari ba ragi. Faifan da ya fi kyau shi ne wanda ba a ji hannun injiniya a cikinsa ba.

Meek bai yarda da haka ba ko kaɗan. A ganinsa faifai abu ne da ake ƙerawa, kamar yadda maƙeri ke ƙera garma, kuma ba dole ba ne ya yi kama da wani abu da aka taɓa ji a ɗaki. Sai ya fara kai makirufo dab da bakin kowane abin kiɗa, ya cire fatar gaba ta babbar ganga ya tura makirufo ciki, ya danne gangar da bargo don kada amonta ya watsu. Akwai kuma wata na'ura ta matse sauti, wadda asalin aikinta shi ne ta danne ƙarar da ta yi yawa don kada ta ɓata faifai wajen yanka. Injiniyoyi suna taɓa ta kaɗan-kaɗan ne yadda kunne ba zai lura ba. Shi kuwa Meek sai ya murɗe ta sosai, har sautin da ke ƙasa-ƙasa ya taso, wanda ke sama ya kwanta, kiɗan duka ya fito a cure da ƙarfi kamar zai fasa lasifika. Abokan aikinsa sun ɗauki wannan a matsayin ɓarna. Amma akwai hikima a ciki. Samarin da ke sayen fayafayan ba a manyan injuna suke sauraro ba, a 'yan ƙananan garmaho masu araha ne da akwatunan rediyo na hannu, ga shi kuma muryar Luxembourg tana zuwa tana komawa da dare. Faifan da aka matse shi ne ke ratsa wannan hayaniya ya isa kunne, mai tsabtar nan na ƙa'ida kuwa sai ya nutse.

Gwajin farko da ya ja hankali ya zo a 1956, lokacin da mai busa ƙaho Humphrey Lyttelton ya ɗauki wani kiɗan jaz mai suna Bad Penny Blues. Meek ya fito da hannun hagu na mai piyano gaba, ya ɗaga amon ganga fiye da yadda aka saba, ya matse kome. Lyttelton bai so abin da aka yi wa kiɗansa ba, amma faifan ya shiga cikin ashirin na farko a kasuwa, abin da kiɗan jaz na Ingila bai saba yi ba. A wannan shekara, da aka bukaci ƙarar tafiyar soja a cikin waƙar Anne Shelton mai suna Lay Down Your Arms, ba a kawo soja ko ɗaya ba. Tsakuwa Meek ya zuba a akwati yana girgizawa a gaban makirufo. Waƙar ta hau kan gaba.

Duk da haka bai zauna lafiya da kowa ba. Mutum ne mai saurin fushi, mai zargin cewa ana satar dabarunsa, har yakan rufe na'urorin da ya ƙera don kada a ga cikinsu. Ya bar IBC ya koma wurin Denis Preston, wani mai shirya faifai mai zaman kansa da ya yi suna wajen jaz da kiɗan kalifso na tsibiran Karibiyan, suka kafa ɗakin ɗaukar waƙa na Lansdowne. A can ne ya ɗauki faifan Emile Ford, ɗan tsibirin Saint Lucia, wanda ya hau kan gaba a ƙarshen 1959. Kafin shekarar ta fita ya ɓata da Preston ma, ya kama gabansa.

A watan Janairu na 1960 shi da wani ɗan kasuwa mai suna William Barrington-Coupe suka kafa kamfanin faifai mai suna Triumph. Nan ya ga iyakar ƙaramin kamfani. Faifansu na Angela Jones, wanda Michael Cox ya rera, ya shiga cikin goma na farko, amma ƙananan masana'antun da ke buga musu faifai suka kāsa biyan bukatar kasuwa, mutane suna zuwa kanti ba su samu. Darasin da ya ɗauka shi ne, ba zai iya ja da manyan kamfanoni wajen bugawa da rarrabawa ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗauki waƙa da kansa, ya gama ta tsaf, sa'an nan ya ba su hayar zaren da aka ɗauka a kai su buga, shi kuma ya riƙe mallaka ya karɓi kasonsa. Wannan tsari ya zama ruwan dare daga baya, amma a lokacin 'yan kaɗan ne ƙwarai ke yin sa a Ingila.

A wannan shekara ya yi wani aiki da kasuwa ba ta kula da shi ba, watau I Hear a New World, jerin kaɗe-kaɗe da ya ƙaga a kan yadda rayuwa za ta kasance a duniyar wata. Zamanin tseren zuwa sama ne, Rasha ta harba Sputnik a 1957. Ya haɗa kiɗan da ƙarar hura ruwa da tsinke, da bugun kwalaben madara da cokali, da muryoyin da aka ƙara wa gudu har suka zama kamar na aljanu. Kaɗan daga ciki ne aka fitar a 1960. Ba a buga shi cikakke ba sai a 1991.

Gida Mai Lamba 304

Wani tsohon soja mai shigo da kayan wasan yara, Manjo Wilfred Banks, shi ya ba shi jari, suka kafa kamfanin RGM Sound, watau farkon haruffan sunan Meek. Ya kama hayar hawa uku a saman kantin fata na titin Holloway, nan yake kwana, nan yake aiki. Duk wanda ya san sana'ar zai ce wurin bai dace ba. Ɗakunan ƙanana ne, manyan motoci suna wucewa a titi, maƙwabta suna kuka da ƙara. Wayoyi sun bi matakala sun ratsa ƙofofi, zaren ɗaukar murya ya zube a ƙasa ana takawa. Ɗakin injuna dabam yake da ɗakin makaɗa, babu tagar gilashi a tsakaninsu kamar yadda aka saba, sai dai Meek ya yi ta kai da kawowa yana ba da umurni.

To, amma ƙarancin wurin shi ya zama masa makaranta. Tun da makaɗa ba za su shiga ɗaki guda ba, sai ya rarraba su: masu goge a kan matakala, masu amshi a ɗakin wanka, inda bango ke mayar da murya, mai ganga a wani lungu an kewaye shi. Jita mai kaurin murya kuwa sai ya haɗa wayarta kai tsaye da injin ɗauka, ba ta bi ta lasifika ba balle ta dami sauran. Ya ƙera wa kansa na'urorin amsa-kuwwa da sifirin na ƙarfe, waɗanda ke sa murya ta fito kamar daga cikin kogo. Tun da injunansa ba su da layuka da yawa na ɗauka, sai ya ɗauki kashi na farko a inji guda, ya kunna shi zuwa cikin inji na biyu yana ƙara wani kiɗa a kai, ya sake mayarwa ya ƙara wani. Kowace mayarwa tana rage tsabtar sauti, shi kuwa bai damu ba muddin abin da ke kansa ya fito. In muryar mawaƙi ta yi masa nauyi sai ya ƙara wa zaren gudu kaɗan don ta yi daɗin ji. Galibin waɗannan dabaru ba shi ya fara su a duniya ba. Les Paul a Amurka ya riga shi jera sauti a kan sauti. Abin da ya bambanta Meek shi ne ya haɗa su duka a hannun mutum guda, wanda shi ne mai zaɓen mawaƙi, shi ne injiniya, sau da yawa kuma shi ne mai waƙar.

Yadda yake tsara waƙa ma abin mamaki ne. Tun da bai iya rubutawa ba, sai ya kunna wani tsohon kiɗa ya yi ta rera abin da ke kansa a kai, muryar tana kaucewa, ya ɗauka a zare. Sa'an nan ya miƙa wa wani makaɗi da ya saba da shi, kamar Dave Adams ko Geoff Goddard, su zauna su tsamo ainihin abin da yake nufi.

Nasarar farko daga gidan ta zo a 1961 da Johnny Remember Me, wadda Goddard ya tsara, ɗan wasan telebijin John Leyton ya rera. Labarin wani saurayi ne da ke jin muryar budurwarsa da ta rasu. Meek ya lulluɓe muryar macen da amsa-kuwwa har ta zama kamar daga lahira take kira, ganga kuma tana sukuwa kamar doki. Faifan ya hau kan gaba a Ingila. Manyan kamfanoni suka ga abin da ba su zata ba: gidan haya ya kayar da ɗakunansu masu tsada.

Telstar

Ran 10 ga watan Yuli na 1962 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Telstar, wanda ya fara ɗauko hotunan telebijin daga wannan gaɓa ta tekun Atlantika zuwa waccan. Meek, wanda tun yana soja hankalinsa ke kan sararin sama, ya ga hotunan, abin ya kama shi ƙwarai. Nan da nan ya rera wani amo a zare kamar yadda ya saba, ya kira ƙungiyar makaɗansa mai suna Tornados. A lokacin suna garin Great Yarmouth na bakin teku suna yi wa mawaƙi Billy Fury kiɗa, saboda haka a gurguje suka zo Landan suka ɗauki nasu kashin suka koma. Sauran aikin Meek da Goddard suka ƙarasa shi. Ainihin muryar kiɗan an fitar da ita ne da wani ɗan ƙaramin abin kiɗa na lantarki mai suna Clavioline, wanda ba ya iya fitar da amo biyu a lokaci guda, aka jera shi a kan kansa har ya yi kauri. A farko da ƙarshe kuma Meek ya sa wasu ƙararraki na ƙirarsa masu kama da tashin roka.

Kamfanin Decca ya fitar da faifan a watan Agusta. Ya yi mako biyar a kan gaba a Ingila, ya yi mako uku a Amurka, an kuma ƙiyasta cewa an sayar da kwafi miliyan 5 a duniya. Meek ya sami lambar yabo ta Ivor Novello. Shi kansa tauraron bai daɗe ba; hasken gwajin makaman nukiliya da aka yi a sararin sama ya lalata na'urorinsa, ya daina aiki a watan Fabrairu na 1963, kiɗan da aka yi da sunansa kuwa yana ta yawo a gidajen rediyo.

Ga al'ada wannan nasara ta isa ta arzuta mutum har ƙarshen ransa. Ba haka ta kasance ba. Da farko dai 'yan Tornados ba su sami zuwa Amurka su ci moriyar sunan da suka yi ba, domin yarjejeniyarsu da mai kula da Billy Fury ta ɗaure su a gida. Sa'an nan a 1963 wani mai tsara kiɗa Bafaranshe, Jean Ledrut, ya kai ƙara cewa an ɗebo muryar Telstar daga kiɗan da ya yi wa wani fim mai suna Austerlitz na 1960. Fim ɗin ba a nuna shi a Ingila ba sai a 1965, saboda haka da wuya a ce Meek ya gan shi kafin ya yi nasa. Amma shari'a ba ta sauri. Aka riƙe kason da ya kamata a biya shi na mai waƙa har sai an yanke hukunci, ba a kuwa gama maganar ba sai bayan mutuwarsa. Mutumin da ya yi faifan da ya fi kowane kasuwa ya zauna yana jiran kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

A watan Nuwamba na 1963 wata masifa ta sake faɗa masa. An kama shi a wani makewayi na jama'a a Landan, aka kai shi kotu kan laifin neman namiji da lalata, aka ci shi tarar fam 15, labarin kuma ya fita a jarida. A lokacin dokar Ingila ta haramta luwaɗi, ba a sassauta ta ba sai a watan Yuli na 1967. Daga ranar nan 'yan damfara suka sa shi gaba suna karɓar kuɗi da barazanar tona masa asiri, tsoro kuma ya zauna masa a zuciya.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Samari da yawa da suka yi suna daga baya sun bi ta matakalar gidan nan. Ritchie Blackmore, wanda ya zama mai jitar Deep Purple, yana cikin makaɗan da Meek ke kira kullum. Steve Howe na ƙungiyar Yes ya yi faifansa na farko a can. Tom Jones ma ya ɗauki wasu waƙoƙi a wurin kafin duniya ta san shi. A 1964 Meek ya sake hawa kan gaba da Have I the Right? ta ƙungiyar Honeycombs, wadda mai gangarta mace ce, Honey Lantree, mai gyaran gashi. Don amon gangar ya yi nauyi, sai ya ɗaura makirufo a jikin matakala ya sa 'yan ƙungiyar suna dirka ƙafa a kan katako daidai da kiɗa. Faifan ya kai na biyar a Amurka. Amma shi ma ya zo da rigima, domin Goddard ya kai ƙara cewa waƙarsa aka kwaikwaya, Meek bai goyi bayansa ba, ya kuwa sha kaye. Ta haka ya rasa mutumin da ya fi kowa gane abin da yake rerawa. Ya kuma rabu da Manjo Banks, wanda ko ba kome shi ne ke riƙe da littafin kuɗi.

A nan ne raunin tsarinsa ya bayyana. 'Yancin da ya ƙwata daga manyan kamfanoni ya bar shi ba akawu, ba mai ba shi shawara, ba wanda ya isa ya ce masa a'a. Yana ɗaukar mawaƙa barkatai, ya ɓata lokaci da kuɗi masu yawa a kan Heinz Burt, tsohon ɗan Tornados da ya ƙudura sai ya mai da shi tauraro, alhali faifai guda ne kawai nasa ya yi kasuwa sosai. Kasuwar kanta ta juya. Daga 1963 'yan Beatles da ire-irensu sun zo da sabon salo, ƙungiyoyi masu tsara waƙoƙinsu da kansu, masu ra'ayi kan yadda za a ɗauke su. Meek ya saba da mawaƙin da zai tsaya inda aka ce ya tsaya. Ya yi wasu fayafayai masu zafi a 1965 da 1966 waɗanda masana ke yabawa yanzu, amma kaɗan ne suka sayu. Na ƙarshe da ya taɓuka shi ne Please Stay na Cryin' Shames a 1966.

Ƙarshensa

Tun da daɗewa yana da sha'awar al'amuran matattu. Yakan zauna zaman kiran ruhohi, yakan kai injin ɗaukar murya maƙabarta da dare, ya kuma gaskata cewa mawaƙin nan na Amurka Buddy Holly, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama ran 3 ga Fabrairu na 1959, yana yi masa magana. Yana shan ƙwayoyi masu hana barci don ya yi aiki dare da rana, da wasu kuma masu sa barci. Zargin da yake yi wa mutane tun yana IBC ya girma ya zama ciwo. Ya tabbata a ransa cewa kamfanin Decca ya ɓoye makirufo a bangon ɗakinsa, ya daina maganar aiki a cikin gida sai a rubuce. Shugaban EMI, Sir Joseph Lockwood, ya yi masa tayin aiki a kamfaninsa, abin da zai iya fid da shi daga bashi, amma hakan na nufin komawa ƙarƙashin dokokin da ya gudu daga gare su, maganar ba ta kai ko'ina ba. A watan Janairu na 1967 aka tsinci gawar wani saurayi ɗan Landan a gundumar Suffolk, labari ya bazu cewa 'yan sanda za su yi wa masu irin shari'arsa ta 1963 tambayoyi. Babu wata shaida da ta taɓa haɗa shi da kisan, amma tsoron ya ƙara rikita shi.

Da safiyar 3 ga watan Fabrairu na 1967, shekara takwas daidai da rasuwar Buddy Holly, matar mai gidan da yake haya ta hau bene wurinsa. Ana bin sa kuɗin haya. Ya ɗauko wata bindigar farauta ta Heinz Burt da ke ajiye a gidan, ya harbe matar, sa'an nan ya harbe kansa. Masu ba da tarihinsa sukan yi saurin wuce wannan mata, alhali ita ce ta yi shekara shida tana haƙuri da hayaniyarsa da jinkirin biyansa, ba ta kuwa yi masa laifin kome ba. An binne shi a Newent, garinsu.

Ya bar fayafayai 245 da ya shirya, 45 daga cikinsu sun shiga cikin hamsin na farko a kasuwa. Shekaru da dama sunansa ya kwanta, sai a 1989 da John Repsch ya wallafa tarihinsa, BBC kuma ta yi shiri a kansa a 1991. A 1993 aka kafa allon tunawa a bangon gidan titin Holloway. A 2008 aka yi fim a kan rayuwarsa, a 2009 kuma ƙungiyar masu shirya faifai ta Ingila ta ƙago lambar yabo da sunansa, wadda Brian Eno ya fara karɓa. Abubuwan da aka yi masa faɗa a kansu a IBC, su kai makirufo dab da ganga, da matse sauti, da ɗaukar kowane makaɗi dabam, su ne yanzu ake koya wa ɗalibai a darasin farko.

Bayan mutuwarsa an iske zarurrukan ɗaukar murya fiye da 1,800 a gidan, aka zuba su cikin akwatunan katako 67 irin na ganyen shayi. Wani makaɗi da ya taɓa aiki da shi, Cliff Cooper, wanda daga baya ya kafa kamfanin lasifika na Orange, ya saye su kan fam 300, ya adana su fiye da shekara hamsin. A 2020 kamfanin Cherry Red ya karɓe su ya shiga tacewa yana fitarwa kashi-kashi. A ciki akwai waƙoƙin da ba a taɓa bugawa ba, da gwaje-gwajen samarin da ba su kai ko'ina ba, da kuma muryar Meek kansa shi kaɗai a ɗaki, yana rera amon da ke kansa don makaɗa su zo su gyara.